Dutsen da ke ƙarƙashin rairayi

A cikin takardun da nake koyar da Faransanci da su akwai wata guda da na daɗe ina jin nauyin fitowa da ita gaban ɗalibai. Wani abokin aiki ne ya bar mini ita lokacin da aka canza masa wurin aiki: shafi ɗaya tak, tawadarsa har ta fara dushewa, yana ɗauke da ƙa'idoji goma da aka gindaya wa masu zamiya a kan dusar ƙanƙara, wasan da Turawa ke kira siki. Amfaninta gare ni na nahawu ne kawai, domin cike take da sigar umarni da ta hani, abin da ƴan ajin ƙarshe na kwaleji suke tuntuɓe a kai kowace shekara. Amma mai karatu ya auna da kansa: watan Maris, a ƙasar Tebaram, rana ta take tsaka, kwanon rufin aji yana ƙara don zafi, ga malami tsaye yana karanta wa ƴaƴan manoma da makiyaya cewa wajibi ne mai gangarowa daga sama ya kula da wanda ke ƙasa da shi a kan ƙanƙara. Ko ni da ke karantawa ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a hoto.

A shekarar 2014, ranar da na raba musu takardar, wani yaro da ke zama a bencin baya ya ɗaga hannu. Dogo ne, mai faɗin ƙirji, irin yaran da aikin gona ya gina tun kafin su gama girma. Ya ce: «Mushe, mutumin da ya hau dutse don kansa, ba wanda ya aike shi, ya faɗo ya karye, wa zai kai ƙara? Dutsen?» Aji ya fashe da dariya, ni ma na dara, na ce masa ya maimaita tambayar da Faransanci in yana son amsa. Bai maimaita ba, ni kuma ban amsa ba. Mako uku bayan haka shi ne ya karye, a filin da ni na shata da hannuna.

Kafin in kai ga ranar, bari in faɗi matsayin kokowa a wurinmu, ko da yake masu karanta wannan mujalla ba baƙi ba ne gare ta. A garin Tawa aka buɗe gasar takobi ta ƙasa a 1975, zamanin Seyni Kountché, kuma Kantu na Maradi ne ya tafi da takobin farko. Tun daga nan gasar ke zagaya jihohi, kowace jiha ta turo ƴan kokowa goma, su tamanin ke nan daga jihohi takwas, a yi ta kaye har a bar mutum ɗaya tsaye. Filin Tawa yana ɗauke da sunan Hamidin Mai Dare. Duk wanda ya taɓa zama a cikinsa ranar da ɗan Adar ya shiga da'ira ya san cewa akwai wani irin ihu da ba a yin sa a wani wuri, har a filin ƙwallo. A makon gasa kasuwa takan yi sanyi da la'asar, kowane mai shayi da rediyonsa, kowane gida mai talabijin ya zama dandali.

Amma kokowar da ta rene ni ta girmi wannan. Ita ce ta kaka, bayan an ɗaure dammunan hatsi, da farin wata. Ina iya tuna yadda ake zaɓen wuri: ba a yi a fako, sai a gangara inda ruwan damina ya tara rairayi mai laushi. Yara ƙanana, mu ke nan, mu ake sa wa mu bi wurin da ƙafa ba takalmi, muna tsince ƙaya da tsakuwa da ɓaraguzan tukunya, wani dattijo yana biye da mu da sanda yana zungurin ƙasa. A lokacin gani nake wahalar da mu kawai ake yi. Haka nan ba a barin kowa ya kama kowa. In ƙato ya miƙa wa ƙaramin yaro hannu, kafin yaron ya tashi wani daga cikin manya ya riga ya ce: «Ba tsaranka ba ne, nemi wani.» Kuma akwai lokacin da tsoho zai shiga tsakani ya raba mutum biyu ba tare da an yi kaye ba, don ya hango wasa ya fara komawa faɗa. Ba wanda ya rubuta waɗannan abubuwa, ba wanda ya kira su doka. Sarkin samari ya san nasa aikin, dattawa sun san nasu, makaɗi ma ya san lokacin da zai sassauta hannu don zukata su huce.

Mu kuwa, a makaranta, ganga muka ɗauko muka bar dattawan a gida.

Ni ne ke riƙe da ƙungiyar al'adu ta makarantar a wannan shekara, kuma ni na kawo shawarar a rufe bikin ƙarshen zango da kokowa tsakanin azuzuwa. An amince, an ba ni kuɗi kaɗan daga asusun iyayen yara, jika goma sha biyar. Farfajiyar makarantar fako ce, jar ƙasa mai marmara, wadda sawun yara ya daddaɓe ta zama kamar daɓe. Na san sai an zuba rairayi. Na yi magana da mai amalanke, muka yi lissafi cewa sawu shida zai wadatar. Ana nan sai ƴan ƙungiya suka zo mini da wata buƙata: ba a yin biki ba lasifika, makarantar da ke maƙwabtaka da mu ta yi hayar ta bara, in ba mu yi ba za a yi mana dariya. Kuɗin ba zai ɗauki duka biyun ba. Sai na rage rairayi zuwa sawu biyu, ragowar na biya hayar lasifika da man janareta. Na ce a raina yara ne, ba nauyi gare su ba, faɗuwarsu ba irin ta manya ba ce. Abin takaicin shi ne rairayi ba abin nema ba ne a ƙasarmu. Tudun da za a ɗebo shi ana hango shi daga ƙofar aji. Da na sa yara talatin da bokitai, da yamma ɗaya ta isa. Ban yi tunanin haka ba, domin hankalina yana kan jawabin da zan yi gaban manyan baƙi.

Aka baje sawu biyun, suka rufe jar ƙasa da kyar, kaurin yatsa uku a tsakiya, a gefe kuwa ko haka bai kai ba. Na zagaya da'irar da toka. Ban sa kowa ya bi ta da ƙafa ba.

Karo na bakwai ne ya faɗo kan yaron bencin baya. Abokin karonsa ya fi shi gajarta, amma ya fi shi dabara. Suka ɗan jima suna neman juna, suka sarƙe, suka yi ta turereniya har bakin toka, sai gajeren ya sa masa ƙafa ya juya ƙugu. Kaye ne mai tsabta, wanda ko a filin Tawa alƙalin wasa ba zai ce komai a kansa ba. Yaron ya tafi ta gefen dama, ya tokare da gwiwar hannu. Duk da ƙarar lasifikar da na saya da kuɗin rairayi, na ji ƙarar ƙashin. Da muka ɗaga shi na duba wurin, sai ga kan wani dutsen marmara, bai fi dunƙulen hannu ba, ya leƙo daga ƙarƙashin rairayin, a cikin da'ira, taku ɗaya daga layin toka. Na sa ƙafa na tura rairayi a kansa. Wannan motsi na ƙafa shi ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Gidan likita na garin aka fara kai shi, aka ba shi maganin zafi, aka ce a wuce da shi Tawa a ɗauki hoton ƙashi. Uban ya iso kafin magariba. Ya saurari bayani, ya yi lissafin kuɗin mota da na hoto da na jinya a cikin watan da rumbu ya fara nuna gindi, ya ce akwai maɗori a ƙauyensu wanda ya ɗora shi kansa yana yaro. Na ce zan biya motar. Ya yi godiya, ya ƙi. Washegari na bi su har gida, na durƙusa na gaishe shi, na fara cewa: «Baba, wannan abu a hannuna ya faru…» Bai bar ni na ƙarasa ba. Ya ce: «Haba Mushe! Wasa anka yi, ba faɗa ba. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ko gida yake, in an rubuta sai ya same shi. Mun yafe duniya da lahira.» Ya sa aka kawo mini fura. Na sha, na koma da zuciya sakayau, kuma ina jin kunyar faɗin irin daɗin da na ji a hanya.

Ƙashi ya ɗoru, amma gwiwar ta ƙage. Hannun dama ne. Lokacin jarrabawar BEPC bai iya riƙe alƙalami na minti goma ba, bai zauna ba. Da aka koma hutu a watan Oktoba bencinsa wani ne a kai.

A cikin wannan damina na sake ɗauko takardar siki, ba don nahawu ba wannan karon. Dalili shi ne wani labari da na riƙa ji a rediyo tun ƙarshen shekarar da ta gabata. Ranar 29 ga Disamba 2013, Michael Schumacher, Bajamushen nan zakaran tseren motoci, ya faɗi yana zamiya a Méribel, cikin tsaunukan Alpes na Faransa, kansa ya bugi dutse. Mai gabatar da ƙara na Albertville ya buɗe bincike, a watan Fabrairu 2014 ya rufe shi, ya ce ba wanda ya yi laifi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne irin tambayoyin da aka yi kafin a kai ga wannan hukunci. An je an auna inda dutsen yake. An duba ko yana cikin hanyar da masu wurin suka shata suka ce a bi, ko yana wajenta. An duba ko sandunan da ke nuna iyaka suna nan yadda ƙa'ida ta ce. Aka samu dutsen yana waje, alamomi kuma suna daidai. Shi ke nan, tsautsayi ne. Amma sai da aka auna kafin a kira shi da wannan suna. Nawa dutsen yana cikin toka, kuma ba wanda ya auna.

Daga nan na shiga karatun abin da ba fannina ba. Ƙa'idojin nan goma, ashe, ƙungiyar siki ta duniya ce ta tsara su a taronta na Bairut a 1967, aka yi musu gyara na baya a 2002. Ba majalisar wata ƙasa ce ta kafa su ba, amma alƙalai a ƙasashen Turai suna dogara da su in za su raba gardama tsakanin mutum biyu da suka yi karo. Sun ɗora wa mai wasa nasa kason: ya daidaita gudunsa da iyawarsa da yanayin wuri, wanda ya fito daga baya shi ne zai kauce wa na gaba, kada a tsaya a ƙuntataccen wuri, a girmama alamomi, in an yi haɗari kowa ya taimaka, kowa kuma ya ba da sunansa, ko shaida ne kawai. Mai wurin shi ma yana da nasa. A Faransa ana raba hanyoyi da launi huɗu, kore da shuɗi da ja da baƙi, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, don kada ɗan koyo ya shiga abin da ya fi ƙarfinsa bai sani ba. Wato «ba tsaranka ba ne» ɗin dattawanmu, an rubuta shi da fenti. Akwai ma'aikata da ke bin hanyoyin da sassafe kafin a buɗe, su duba, su sa alama a wurin haɗari, su rufe wadda ba ta biyuwa. Magajin garin yankin shi doka ta ɗora wa tsaron lafiyar jama'a a wurin, kuma ba da wasa ba: bayan zaftarewar ƙanƙarar da ta kashe mutum 12 a Montroc a watan Fabrairu 1999, kotu ta yanke wa magajin garin Chamonix hukuncin ɗaurin talala a 2003. A Amurka, jihar Kolorado ta kafa dokarta a 1979, gyaran 1990 kuma ya lissafa haɗurran da ke cikin jinin wasan, kamar sauyin yanayi da itatuwa da duwatsu, waɗanda wanda ya shiga ya ɗauke su a wuyansa, ba zai nemi diyya a kansu ba. Italiya ta wajabta wa kowane mai zamiya inshorar abin da zai iya jawo wa wani tun daga 2022.

Dokokin sun bambanta, wasu sun fi tausaya wa mai wuri, wasu sun fi tausaya wa wanda ya ji rauni. Ta Kolorado, alal misali, an yi ta zarginta da cewa ta fi kare aljihun kamfanoni. Amma duk sun yarda da abu guda, wanda shi ne amsar da ban ba yaron ba: ba dutse ake kai ƙara ba. Ana tambaya ne, a cikin abin da ya faru, wane kashi ne na wasan kansa, wane ne na wanda ya shirya wuri ya kira mutane, wane ne na ɗan wasa. A kokowa faɗuwa ta wasa ce. Wanda ba ya son ƙasa ta taɓa bayansa sai ya zauna cikin ƴan kallo. Murɗe yatsa ko duka ko kamun da aka hana, wannan na ɗan kokowa ne. Kaurin rairayi da abin da ke ƙarƙashinsa, da wanda aka haɗa da wa, da motar da za ta ɗauki wanda ya ji ciwo, waɗannan ba na ɗan kokowa ba ne, domin shi bai da ikon duba su. Ya shiga ne bisa amanar wanda ya zana da'ira.

A matsayina na malamin Hausa, abin da ya fi ba ni haushi shi ne harshenmu ya riga ya yi wannan rabo, ba mu buƙatar aro. Muna da tsautsayi, abin da ya auko ba da hannun kowa ba. Muna da sakaci, barin abin da ya kamata a yi. Muna da ganganci, shiga haɗari ido buɗe. Kalmomi uku ne daban, kuma ko yaro ya san ba ɗaya ba ne: uwar da ta bar jariri kusa da murhu ba a ce mata tsautsayi. Sai dai in abu ya riga ya faru, kuma wanda ke da hannu mutum ne da ake jin nauyinsa, malami ko mai gari ko mai kuɗi, sai mu tattara ukun mu zuba a tukunya ɗaya mu rufe da ƙaddara. Ban musanta ƙaddara ba, Allah ya kiyaye. Amma malaman da suka fi mu sanin ƙaddara ba su taɓa ɗaukar ta hujjar share lamuni ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an rubuta ta tun ƙarni na 10, ta bayyana cewa mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta su ke ɗaukar abin da ta taka, alhali wanda ya mutu a rijiya ba da aikin wani ba, ba a bin kowa jininsa. Imamu Malik kuma ya bambanta wanda ya haƙa rami inda yake da izini da wanda ya haƙa a kan hanyar jama'a. Tambayar mai gabatar da ƙara na Albertville ke nan, ina dutsen yake, shekaru fiye da dubu kafin a haife shi.

Dokar boko ma ba ta yi shiru ba. Kundin dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa yana da ayoyi uku a jere, 1382 da 1383 da 1384, waɗanda Faransa ta sauya wa lamba a 2016. Ta farko ta ce wanda laifinsa ya jawo wa wani ɓarna sai ya gyara. Ta biyu ta ce ba sai da niyya ba, sakaci da rashin hattara ma sun isa. Ta uku ta kai ga abin da ke ƙarƙashin kulawar mutum, mutane ne ko kaya, har ta ambaci malaman makaranta game da lokacin da yara ke hannunsu. Na koyar shekara tara kafin in karanta waɗannan layuka, kuma na tabbata da yawa daga cikin ƴan'uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin da ke shirya kokowa da sukuwa da wasan kwaikwayo a garuruwanmu ba su taɓa ganin su ba. Uban yaron bai san da su ba. Ko da ya sani ba zai je kotu ba, kuma ba na fatan ranar da Ba'adare zai riƙa maka malamin ɗansa a gaban alƙali kan kowace ƙujewa. Yafiyarsa abu ne mai girma. Abin da na gane daga baya shi ne ya yafe abin da ba a gaya masa ba. An ce masa ɗansa ya faɗi, ba a ce masa an rage sawu huɗu ba. Kuma hannun ba nasa ba ne. A ƙasar da samari da yawa ke tafiya bida Abijan ko Libiya ko Najeriya da ƙarfin damtsensu kawai, gwiwar hannun dama ita ce jarin mutum gaba ɗaya.

Hukumar makaranta ta ɗauki matakin da ya fi sauƙi: an hana kokowa. Na goyi baya a lokacin, don hanin yana rufa mini asiri. In wasan ne mai laifi, to ni ba ni da shi. Sakamakon kuwa, yara suka koma yi bayan katanga lokacin shan iska, a kan fakon da ko sawu biyu bai samu ba, ba babba ko ɗaya a kusa. Faransawa ma sun taɓa faɗawa irin wannan rami. Ranar 4 ga Disamba 1995, yara shida da wata mai rakiyarsu suka nutse a kogin Drac, kusa da Grenoble, lokacin da aka sako ruwan madatsa suna cikin yawon makaranta. Aka gurfanar da malamarsu, tsoro ya kama malamai da magadan gari, wasu suka daina fita da yara ko'ina. Sai da majalisa ta kafa dokar 10 ga Yuli 2000, wadda ta ce wanda ba shi ya jawo ɓarna kai tsaye ba, ba a hukunta shi sai laifinsa ya kasance babba bayyananne, daga bisani aka wanke malamar. Su tsoron kotu ya kusa hana su wasa, mu kuma rashin tambaya ya sa muna karya yara muna shan fura. Ban ga wanda zai yi wa wani dariya ba.

Shekara uku bayan haka, a wata makarantar da aka mayar da ni, na sake neman izinin kokowa, aka ba ni da kyar. Abin da muke yi ba shi da wuya, kuma kusan duka daga dandalin ƙauyenmu na ɗauko shi. Ana tone wurin tukuna a kwashe duwatsu, sannan a zuba rairayi har ya shanye idon sawu. Ƴan aji ɗaya su bi shi ba takalmi, ni ina gaba. Muna gayyato tsofaffin ƴan kokowa biyu daga cikin gari, su ke haɗa yara, su ke raba su, maganarsu ce ta ƙarshe ko darakta bai sa baki. Muna auna nauyi da sikelin mai sayen wake. Na san gasar takobi ba ta raba mutane da nauyi, kuma wannan yana cikin abin da ke sa ta daɗi, ranar da ƙaramin mutum ya ɗaga ƙato, amma waɗancan manya ne da suka zaɓa da kansu, namu kuwa yaran mutane ne da aka ba mu amana. Ana sanar da ma'aikacin lafiya tun jajibiri, ana ajiye kuɗin mota a hannun ma'aji, ba a taɓa su ko lasifikar duniya za ta zo. Duk da haka an taɓa samun targaɗe sau biyu. Na je na gaya wa iyayen yadda aka yi, daga farko har ƙarshe, da muka ce tsautsayi ne kuma ban ji ƙafata tana motsi ba.

A 2022 na haɗu da shi a tashar motar Tawa. Ya zama magidanci, yana da teburin sayar da kayan waya, caja da batura da gilashin fuska. Shi ya fara gane ni, ya taso da murna, ya miƙo hannun dama yana tallafe da shi da na hagu, kamar yadda ake gaida manya, har ba za ka lura cewa ba ya miƙewa ba. Ya ce ya je Abijan sau ɗaya, aikin dako ya gagare shi, ya dawo. Ya saya mini ruwan leda, ya hana ni biya. Muka yi hirar ƴan ajinsu, wanda ya zama jandarma, wadda ta zama ungozoma, wanda ya rasu a hanyar Libiya. Mota tana ta cika, na ga in ban faɗa yanzu ba ba zan ƙara faɗa ba. Na ce masa ranar nan rairayin bai kai ba, sawu shida ya kamata a zuba, ni na rage.

Ya dube ni, ya yi murmushi. Ya ce: «Mushe, ai mun sani. Ni da wani kuka aika muka ɗauko lasifikar a kan amalanken.»

Yaron mota ya buga ƙofa yana kiran mutum ɗaya da ya rage. Na shiga, shi kuma ya koma teburinsa, wata mata tana jiran sa da waya a hannu.